Ranar da Na Gane Surukina ta Takalmi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Alhamis da na tsaya a bakin kanal na zazzage wa surukina rashin mutunci, da muryar da na yi wata da watanni ina rantsuwa cewa ba ni da ita. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da za a ce in zaɓa a goge ranar nan daga rayuwata, wallahi ba zan yarda ba. Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Gonata ba wani girma gare ta ba, gado ce, amma tana kan ruwa, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san abin da hakan ke nufi. Da damina shinkafa, da rani albasa ko tumatir. In aikin gona ya yi sauƙi kuma sai in tafi injin casar shinkafa a Kura, na yi shekara da shekaru a cikin ɓuntu da ƙura tun safe har yamma. In aka ba mu takunkumi sai mu rataye shi a wuya, wai zafi. Ni har dariya nake yi wa masu sawa (ku riƙe wannan a matsayin wautata ta farko, akwai saura).

Tari ya fara kamar wasa. Na sha zuma da citta, na sha duk abin da aka ce in sha, har ranar da na fito za ni masallacin Juma'a, tafiyar da tun ina yaro nake yi ba tare da na san na yi ba, numfashi ya ƙi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ga iska ko'ina, kowa yana shaƙa, kai kaɗai aka hana. Na durƙushe a gefen hanya ina buɗe baki kamar tarwaɗar da aka jefo kan tudu, mutane suka kewaye ni, wani na yi min fifita, wani na salati. A asibiti suka ce ƙurar injin ta yi wa huhuna illar da ba za ta goge ba, sai dai a koyi zama da ita. Suka ba ni magani da abin shaƙa, jiki ya ɗan dawo. Amma tsoron da ya shige ni a gefen hanyar nan babu maganin da ya taɓa shi.

Daga nan na zama ɗan tabarma. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki, shi ke nan duniyata. Magana ma na koma yinta ƙasa-ƙasa, don gani nake in na ɗaga murya numfashin zai ƙare. Matata Hajara ita ke kawo komai har gabana (kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai ɗan daɗi a jinyar da ake miƙo maka ruwan alwala kana zaune). Amma a ƙasan wannan daɗin baƙin ciki ne zalla. Mutumin da ya saba asuba ta yi masa a gona, ga shi yana ƙirga kajin maƙwabta.

Ana haka aka haɗa ni da Sista Rabi, ma'aikaciyar asibiti ce daga Kura mai koya wa masu ciwon huhu motsa jiki da dabarun numfashi. Duk Alhamis take zuwa ƙaramin asibitin garinmu a adaidaita, mu kuma mu taru a baranda, 'yan tsiraru, kowa da kalar tarinsa. A babur ake kai ni, duk da asibitin in ka tsaya a ƙofar gidana kana hango rufinsa. Ta sa mu yi ta kai-kawo a barandar, mu zauna a benci mu tashi, mu ɗaga gorar ruwa mu sauke. Ta koya mana mu ja iska ta hanci, mu fitar ta baki a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. In numfashi ya sarƙe kuma, kada mu firgita, mu sunkuya mu dafa gwiwa mu ci gaba da hura kunun har ya saki.

In an gama wannan sai ta jera kofuna huɗu a kan tebur. Ɗaya babu komai a ciki, ɗaya ɗan ruwa a gindi, ɗaya ya haura rabi, ɗaya cike fal. Sai ta riƙa kiranmu ɗai-ɗai. Ba ta tambayar yaya jiki, don ta san halinmu, mu ko ana jan ranmu cewa za mu yi da sauƙi. Tambayarta daban ce. Ka yarda za ka iya zuwa kasuwa da ƙafarka? In numfashi ya sarƙe maka kana kai kaɗai, ka yarda ka san abin da za ka yi? Ka yarda za ka iya komawa gonarka? Kai kuma ka nuna kofin da ya yi daidai da abin da ke zuciyarka. Ta ce yarda da kai ma ana auna ta kamar yadda ake auna jini, don mai ciwon da bai yarda zai iya ba, ko jikinsa ya yi ƙarfi ba zai tashi ba. Ta ce har a ƙasashen Turai irin su Fotugal ana yi wa masu ciwon huhu irin waɗannan tambayoyin. Na ce mata, cikin muryata ta mai jinya, to su can ai ba su da kanal ɗin da za su bi gefensa da rana tsaka.

Ni kofi ɗaya na sani, wanda babu komai a ciki. Ko me ta tambaya, shi nake nunawa. Har na ƙware, ba na ma ɗaga hannu sosai, da leɓe nake nuni. Abokina a wurin kuwa, Ɗan'asabe, tsohon direban tarakta daga ƙauyen da ke hayin kanal, kafin ta gama tambaya ya riga ya dafa cikakken kofi, alhali ƙirjinsa na kuka kamar zugazugin maƙeri. Sista takan ce da za a haɗa mu biyu a kwaɓa a raba, da an samu majinyata biyu masu hankali.

Wata rana ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, “Baban Ummi, ƙafarka ta ƙaru, numfashinka ya ƙaru, da idona na gani. Lokacin da ka fara zuwa, baranda ɗaya kake yi ka nemi benci, yanzu sai na ce ka tsaya. Kofinka ne kawai ya ƙi motsi.”

Na ce, “Sista, baranda daban, duniya daban. Nan akwai ke, akwai benci.”

Ba ta ja da ni ba. Ta ce to, za mu jira.

Ita za ta iya jira, gona ce ba ta jira. Da rani ya shigo, yayana Haruna ya tara mutane suka dasa min albasa don kada filin ya kwana haka. Amma ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa tasa gonar tana can wani ɓangare, ba zai iya raba kansa biyu duk ranar ban ruwa ba, zai leƙa dai in ya samu sarari. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana ni sukuni: in har aka cire albasar nan ban taka gonar da ƙafata ba, shinkafar damina Tanko za a ba ya noma, don ya daɗe yana nema. Tanko maƙwabcina ne a gona, kuma mun daɗe ba ma ga maciji da shi. A wurinmu ruwa rabo ne, kowane layi da ranarsa, kowa da lokacinsa, shi kuwa Tanko in ka juya baya sai ya zura tiyo ya ja naka. Kuma kowa ya san gonar da ke kan ruwa in ta shiga hannun wani na shekara guda, fitowarta sai an sha zama a gaban manya.

Duk da haka ban je ba. Ina kwance ina ƙiyasta albasata ta bushe ta zama ciyawa, kuma kunya ta hana ni tambaya. In na yi zancen a kaikaice sai Hajara ta ce gona tana nan lafiya, ta tashi ta shiga kicin. Na ɗauka lallashi ne irin na mata.

Yanzu sai in gabatar muku da surukina, mahaifin Hajara. Malam ne na gaske, mai makarantar allo da Islamiyya a unguwar gabas, rabin garin nan a gabansa suka yi karatu. Dattijo ne marar hayaniya, kullum cikin farar riga da rawani. Wato haka ake faɗa min, don ni ban cika ganin rawanin ba. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. In na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, in ce Allah gafarta Malam, ya amsa, in jira ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in muna hanya ɗaya sai in sake wata. Shekara da shekaru abin da nake gaisarwa a zahiri takalmansa ne: wasu na fata masu ruwan ƙasa, na daman an ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Da za a jera dattawan garinmu a rufe musu ƙafa a ce in fitar da surukina, sai na yi tunani. Amma a jera takalma, ko cikin barci aka tashe ni zan nuna.

To, ranar Alhamis ɗin. A makon nan ruwan layinmu ya faɗo a ranar, kuma ranar asibiti ce. Ina zaune a zaure ina jiran Ɗan'asabe, don shi ke biyowa da ɗan acaɓa mu tafi tare, kuma hanyarsa ta gefen gonata take. Ya shigo yana haki, ko zama bai yi ba ya ce, “Mutumina, kana nan kana hutawa ana yi maka aiki. Yanzu na hango wani da malfa a kan iyakarku da Tanko, ya sunkuya da fartanya yana fasa bakin magudanarka.”

Ban tambaye shi ko ya ga fuskar mutumin ba. Ban tambaye shi ina ruwan ya nufa ba. A kaina an riga an yanke hukunci: Tanko bai ma jira damina ba, ruwan da zai ceci ragowar albasata yake kwashewa don ta ƙarasa mutuwa, a ce na gaza, a miƙa masa gonar ubana. Na miƙe zumbur. Na ji Hajara daga cikin gida tana cewa, “Baban Ummi, tsaya in faɗa maka,” amma na riga na fita. Ga babur a tsaye a ƙofar gida, mai shi yana kai, na wuce shi kamar ban san amfaninsa ba, na yanki 'yar hanyar da ke ratsa gonaki wadda ko keke ba ya bi. Ɗan'asabe, mai cikakken kofi, ya leƙa hanyar ya ce shi kam ba zai iya ba, ya haye babur suka zagaya ta titi.

Gonar tawa da nisa, ba wasa ba. Na wuce masallacin da na faɗi a hanyarsa ban ko kalle shi ba. Na wuce gonakin tumatir, na wuce inda ake shanya shinkafa. Ina isa wajen ƙaramar gada abin ya zo. Shi ne dai, wanda na sani, ƙirji ya ɗaure, iska ta ƙi shiga, kuma babu Sista, babu benci, babu kowa sai balbelu. Na sunkuya na dafa gwiwa, na ja ta hanci, na hura kunu. Na sake. Na sake. A hankali ya saki. Da a ce ina cikin hayyacina da a nan zan zauna in yi kukan murna, don abin da na yi watanni ina tsoro ke nan ya zo ya wuce. Amma a lokacin haushi kawai nake ji ya ɓata min lokaci. Na miƙe na ci gaba. Ya sake kama ni a gaba, na sake yi masa yadda na yi, na wuce.

Tun daga nesa na hango shi. Ya ba ni baya, ya sunkuya cikin ruwa har ƙauri, da wata tsohuwar rigar gona da malfa a ka. Ban jira na ƙarasa ba na buɗe baki, kuma abin da ya fito ni kaina ya ba ni mamaki. Murya ce sosai, irin ta da, wadda nake kiran mutum da ita daga wannan hayi zuwa wancan.

Ba zan maimaita muku duk abin da na faɗa ba, akwai yara masu karatu. Na dai kira shi ɓarawon ruwa. Na ce ba ya tsoron Allah. Na tambaye shi ko bai taɓa zama a makarantar allo ba da bai san haƙƙin maƙwabci ba (ku riƙe wannan). Na ce ya ga ina kwance ya ɗauka na mutu, to ga ni da raina. Sannan na rufe da wadda har yau take tashe ni daga gyangyaɗi: na ce gidansu kaf ba a san tarbiyya ba, kuma duk garin nan an shaida. Matan da ke tsinkar tumatir a gonar gefe duk suka miƙe tsaye da kwandunansu. Masu ban ruwa suka ajiye fartanya. Shi kuwa mutumin bai juyo ba, ya dai daina aikin ya tsaya cak.

Da na iso bakin magudanar numfashi ya ce shi ma a ba shi haƙƙinsa. Na sunkuya na dafa gwiwa kamar yadda aka koya min, idona a ƙasa, ina hura kunu. A nan, dab da ƙafata, a kan busasshen wuri, an ajiye wasu takalma a jere tsaf. Na fata ne, masu ruwan ƙasa. Na daman an ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare.

Na daina hura kunun. Ina nan a sunkuye ina roƙon Allah Ya sa a garin nan akwai mai irinsu, sai na ji murya daga hagu, daga can cikin gonar maƙwabta: “A'a, Baban Ummi, sannu da fitowa. Da wa kake ne haka?” Tanko ne, a tsakiyar gonarsa, da tiyonsa a kafaɗa, bai taɓa ruwan kowa ba.

Mutumin ya juyo a hankali ya ɗaga malfar. Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai, kuma da na san haka za a yi da na haƙura da ganin. Jikina ne ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba: na fizge takalmana na zube a durƙushe. Sai dai inda na zube ɗin ba tudu ba ne, taɓo ne, na nutse har cinya. Kuma da na buɗe baki, duk cikin kalmomin Hausa babu wadda ta zo min sai, “Allah gafarta Malam, ina kwana?”

Ya amsa gaisuwar nan cikakkiya, kamar a zaurensa muke. Ya tambayi jiki, ya tambayi Ummi, ya tambayi kwanan iyali. Ni ma, da yake ba ni da wata mafita, na tambayi mutanen gida.

Ya ce, “Duk lafiya lau. Muna nan dai muna ta ƙoƙarin tarbiyyar.”

Wata daga cikin matan nan ta toshe baki da gyale ta juya baya. Ni kuwa da taɓon zai yi min alheri da ya ƙarasa haɗiye ni. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Da ƙafa ka zo?”

Na ce da ƙafa.

“Tun daga gida?”

Na ce tun daga gida, Allah gafarta Malam.

Ya dube ni, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Alhamdulillahi. An ce min ko sallama ba ka iya ɗagawa. Ni kuwa tun daga nesa nake jin ka.” Ya miƙo min fartanyar ta ƙota. “Karɓi abinka, bayana ya gaji.”

Sai a lokacin na dubi inda ruwan yake tafiya. Cikin fangalin albasata yake shiga. Na ɗaga ido na ga gonar, albasa ta yi kore shar, ta tsaya kamar ba ta san mai ita ya yi jinya ba. Ashe tun da aka dasa ta, duk ranar ruwanmu in ya sallami ɗaliban safe sai ya cire rawani ya sa malfa ya zo. Ya ji maganar da Yaya Haruna ya yi, ya ce gonar da jikokinsa za su ci ba za ta bushe yana raye ba. Ya kuma hana Hajara faɗa min, don ya san in na ji surukina na yi min ban ruwa kunya za ta ƙara kwantar da ni. Abin da take son faɗa min ke nan da na fice.

Kamar abin bai isa ba, sai na hango adaidaita a tsaye a kan titin kanal, babur a bayanta. Ɗan'asabe ya tare Sista Rabi a hanya ya ce mata majinyacinta ya haukace ya nufi gona a ƙasa. Sun iso daidai lokacin tarbiyya, ba abin da ya wuce su. Ɗan'asabe ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi, sai da aka nemo masa abin shaƙarsa. Sista ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta yana rawa. Ta sa aka ciro ni daga taɓo, ta zaunar da ni, ta maƙala min ɗan abin nan nata na auna iskar jini a yatsa ta duba.

Ta ce, “A hanya ya sarƙe?”

Na ce ya sarƙe, har sau biyu.

“Wa ya taimake ka?”

Na ce, “Babu kowa. Kunu na hura.”

Ta cire abin daga yatsana ta mayar jaka. Ta ce in huta tukuna, sannan in yi fangali ɗaya in zauna, in sake ɗaya in zauna, kada in ce zan rama watannin da na rasa a yini guda. Haka na yi. Malam ya wanke ƙafa ya sa takalmansa ya tafi, ni kuma na tsaya a gonar ubana da fartanya a hannu, wando duk taɓo, ina buɗe wa ruwa hanya ina kallon yadda yake bin albasa layi-layi. Kunya na cina, amma wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na yi kuka, na bar shi a zufa.

Da la'asar na ɗauki Yaya Haruna ya raka ni ban haƙuri, don irin wannan ba a zuwa shi kaɗai. A ƙasa muka je. Malam ya ce babu abin da za a yafe, ai Tanko aka zaga, kuma ko Tankon ma ya kamata in nema ya yafe min tunda ranar bai yi komai ba (na je, ya ji daɗin abin fiye da kima). A hanyar dawowa Yaya ya yi ta satar kallona ina tafiya ina hura kunu, bai sake ta da zancen ba wa kowa gona ba, daga ranar har yau. Hajara kuwa kwana biyu in ta miƙo min abinci sai ta ce in yi haƙuri da yadda aka dafa, a gidansu ba a koya musu ba.

Alhamis ta gaba da ƙafata na je asibiti, na ma zagaya ta gona tukuna. Sista ta jera kofunanta. Ta tambayi kasuwa, na nuna wanda ya haura rabi, don ranar kasuwa akwai turmutsutsu da ƙura, ban gwada ba tukuna. Ta ce wannan amsar ta fi mata ta Ɗan'asabe sau goma. Sannan ta ce, “Ka yarda za ka iya komawa gonarka?” Na dubi kofin da na yi watanni ina nunawa da leɓe, na dubi na ƙarshe. Ga ƙishirwar tafiya. Na ɗauki cikakken na shanye tas, na dire mata shi a tebur. 'Yan baranda suka sa tafi, masu tari na tari.

Huhuna dai bai warke ba, ba kuma zai warke ba, abin shaƙata na aljihu duk inda za ni, injin casa kuwa ko ta ƙofarsa ba na bi. Amma albasar nan ni na cire ta, shinkafar damina ni na shuka ta, kuma a garinmu har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce a gyara zama ga Mai Tarbiyya nan.

Abin da na koya shi ne, jikina ya daɗe da shiryawa, ni ne ban yarda da shi ba, kuma abin takaici sai da na zagi mutumin da ya fi kowa ƙaunata sannan na gane. Saboda haka in kuna da mai jinyar da ya ce ba zai iya ba, ku yi haƙuri da shi, wataƙila yana iyawa bai sani ba ne. Kai kuma mai jinya, ranar da ƙarfi ya dawo maka har ka ji kana son gwada huhunka a kan wani, don Allah ka fara sunkuyawa ka duba takalmansa.